Tambaya da Amsa: Me ya sa dattawa suka yi kuka ranar kafa harsashin Haikali?

TAMBAYA

Malam, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ni ce nake bi da nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar matan ikilisiyarmu, a wani ƙauye da ke arewacin Adamawa. A 2014 muka gudu muka bar garin, sai bayan shekara uku muka komo, muka tarar majami'armu ta ƙone ƙurmus. Mun sake ginawa, amma ba ta kai ta dā ba. Ranar buɗewa matasa suna ta kiɗa da rawa, wani dattijo kuwa, wanda da shi aka buga tubalin majami'ar farko, ya zauna a bencin baya hawaye na bin gemunsa. Wasu suka ce rashin godiya ne. Yanzu muna karatun littafin Ezra, mun kai sura 3, sai ga shi can ma tsofaffi sun yi kuka ranar da aka kafa harsashin Haikali. Kukan nan na ƙarancin bangaskiya ne? In Allah ne ya komo da su, me ya sa komowar ba ta zo da irin daɗin da annabawa suka faɗa ba? Sa'an nan shekara saba'in ɗin nan ta Irmiya, daga ina ake fara ƙirga ta? Na lissafa ban samu saba'in ba.

AMSA

'Yar'uwa, sannunku da dawowa, sannu da ɗawainiya. Allah ya raya muku wannan majami'a.

Amsar tambayarki ta fari gajeriya ce: a'a. Ki bi littafin Ezra daga farko har ƙarshe, ki haɗa da Haggai da Zakariya waɗanda suka yi annabci a zamanin, ba za ki sami inda aka tsauta wa tsofaffin nan saboda hawayensu ba. An tsauta wa jama'ar a kan wasu abubuwa, za mu zo kansu. Kukan kuwa, marubucin ya ajiye shi kusa da sowar murna, ya bar su tare. Amma kafin mutum ya gane kukan, sai ya san abin da idanun nan suka taɓa gani.

Duk shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Almasihu ne, shi ya sa za ki ga lambar tana raguwa maimakon ƙaruwa. A 597 Nebukadnezzar sarkin Babila ya zo Urushalima ya kwashe sarki Yehoyakin da fādawa da mayaƙa da maƙera da masu sana'a, mutum 10,000 bisa ga Sarakuna na Biyu sura 24. Annabi Ezekiyel yana cikinsu. Zadakiya, wanda Babila ta ɗora a kan gadon, shi ma daga baya ya tayar, aka kewaye birnin har yunwa ta ci ƙarfin mutane. A 586, wasu masana suna cewa 587, garun ya fashe. Aka kama Zadakiya, aka yanka 'ya'yansa a gabansa a Ribla, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Aka cinna wa Haikalin Sulemanu wuta, gidan da ya yi kusan shekara 400 a tsaye. Manyan ginshiƙan tagulla biyu na ƙofarsa, aka farfasa su aka kwashe tagullar zuwa Babila. Talakawa tuburan kaɗai aka bari a ƙasar, su yi noma su kula da gonakin inabi.

Sabon harsashin an kafa shi wajen 537 ko 536, kimanin shekara 50 ke nan bayan gobarar. Yaron da yake da shekara goma sha biyu ranar da hayaƙi ya turnuƙe Urushalima, shi ne dattijon da ya haura sittin yana tsaye yau a bakin ramin harsashi. Ya taɓa shiga tsohon gidan riƙe da hannun babansa. Ya san inda bagade yake, ya san ƙamshin turaren. Da ƙafarsa aka kora shi zuwa Babila, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kora tare da shi, can aka binne su. Matashin da ke kusa da shi yana buga kuge kuwa a Babila aka haife shi, labarin Haikali kawai ya ji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Bari in sallami batun shekara saba'in da Irmiya ya ce za a yi ana bauta wa Babila, tun da muna kan lissafi. Ba kuskure kika yi ba. Daga 586 zuwa umarnin komowa a 538, shekara 48 ce. In aka fara daga 605, shekarar da Irmiya ya fara faɗar maganar a sura 25, kuma wajen lokacin da littafin Daniyel ya ce an kai Daniyel Babila, ana samun 67 ko 68. In kuwa aka ƙirga daga ƙone Haikali a 586 zuwa gama sabon a 516 ko 515, saba'in ta cika. Zakariya ma, yana magana shekara kusan ashirin bayan komowa, har lokacin yana ambaton shekara saba'in ta fushin Allah a kan Urushalima, kamar a ce ba ta ƙare ba tun da gidan yana kango. Ki kuma lura Irmiya 29:10 cewa ya yi shekara saba'in za ta cika wa Babila, wato wa'adin mulkinta ne, kuma daga faɗuwar Assuriya wajen 609 zuwa faɗuwar Babila a 539 saba'in ce. Kowanne daga cikin lissafin nan yana da masu riƙe da shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda maganar ta faɗa a kunnen waɗanda suka fara jin ta. Zabura 90 ta ce kwanakin ɗan Adam shekara saba'in ne. Wani annabi, Hananiya, yana ta cewa nan da shekara biyu kowa zai koma gida, sai ga wasiƙar Irmiya: ku gina gidaje, ku dasa lambuna, ku aurar da 'ya'yanku, ku yi wa birnin da aka kai ku addu'a. Magidancin da ya ji wannan ya san cewa shi dai ba zai koma ba. Ayar nan da muke so ƙwarai, Irmiya 29:11, wadda Allah ya ce ya san shirin alheri da yake yi musu, an rubuta ta ne ga mutanen da yawancinsu a baƙuwar ƙasa za su mutu. Alkawarin gaskiya ne, amma jikoki ne suka ci moriyarsa.

A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, a shekararsa ta fari ya ba da izini duk Bayahuden da yake so ya koma ya gina Haikali. Ya fito da kwanonin zinariya da na azurfa da Nebukadnezzar ya kwaso, guda 5,400, aka ƙirga su aka danƙa wa Sheshbazzar, shugaban mutanen Yahuza. A 1879 bayan haihuwar Almasihu an tono wani dunƙulen yumɓu mai siffar ƙaramar ganga a kufan Babila, a ƙasar Iraki ta yau, tsawonsa wajen taƙi ɗaya, yanzu yana gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. A jikinsa Sairus yana faɗar yadda ya mayar da gumaka ɗakunansu, ya mayar da mutane garuruwansu. Bai ambaci Yahudawa ba, kuma allahn Babila, Marduk, shi ya ba girman nasarar. Wato a idon fāda, siyasar riƙon ƙasa ce: ka kyautata wa talakawan da ka ci, su zauna lafiya su biya haraji. Ezra kuwa ya ce Ubangiji ne ya zuga zuciyar sarkin, Ishaya 45 ma ya ce Allah ya kira Sairus da sunansa ko da yake bai san shi ba. Duka biyun gaskiya ne. Ina faɗar wannan don wani lokaci taimakon Allah yana shigowa ta hannun da ba mu zata ba, sai mu yi ta shakkar ko daga gare shi ne.

Ezra sura 2 ita ce irin surar da muke tsallakewa, sunaye da lambobi. Kada ku tsallake ta. Jimillar masu komowa 42,360, ban da barori 7,337 da mawaƙa 200. Dawakai 736, raƙuma 435, alfadarai 245, jakuna 6,720. Ki raba dabbobin nan ga mutanen, za ki ga yawancinsu a ƙasa suka taka, tafiyar da ta ɗauki Ezra da ayarinsa wata huɗu cur sa'ad da suka bi hanyar daga baya. Firistoci sun haura 4,000, Lawiyawa kuwa, masu hidimar yau da kullum, 74 kacal. Akwai kuma waɗanda suka nemi sunan gidansu a littafin asali ba su samu ba, aka ce su dakata da aikin firist. Duk wanda ya taɓa gudu ya bar takardunsa a wuta ya san wannan ciwo.

Da yawa kuma ba su taso ba sam. An sami allunan yumɓu kimanin 200 daga wani gari a ƙasar Babila da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, cike da takardun hayar gona da bashi da haraji, kuma suna ci gaba har shekaru da yawa bayan umarnin Sairus. Mutane sun yi saiwa. Littafi bai la'ance su ba. Daga cikin zuriyarsu Esta da Ezra da Nehemiya suka fito. Amma ga wanda ya komo, wurin zaman ɗan'uwansa a taron babu kowa. Ina jin a majami'arku ma akwai bencin da masu shi suna Yola ko Jos ko Abuja, sun ce sai wata rana.

Abu na fari da masu komowa suka gina shi ne bagade, a daidai inda tsohon yake, a wata na bakwai. Ezra 3:3 ya ce sun gina shi suna cikin tsoron mutanen da ke kewaye da su. Babu rufi, babu garu, babu ƙofa, amma safe da yamma hayaƙin hadaya yana tashi. Ba su jira tsoro ya wuce kafin su fara sujada ba. A shekara ta biyu aka kafa harsashi. Firistoci suka sa rigunansu suka ɗauki kakaki, 'ya'yan Asaf suka ɗauki kuge, aka rera waƙar nan mai amshi, cewa Ubangiji nagari ne, madawwamiyar ƙaunarsa ga Isra'ila ba ta ƙarewa.

A nan nake so ki tsaya da matan zumunta, ku daɗe. Waƙar ba sabuwa ba ce. Ita aka rera ranar keɓe Haikalin Sulemanu, sa'ad da girgije ya cika gidan har firistoci suka kasa tsayawa hidima, kamar yadda Tarihi na Biyu sura 5 ya faɗa. Ita ce kuma wadda Irmiya, yana tsare a gidan waƙafi birnin na dab da faɗuwa, ya ce za a sake jin ta a titunan nan da za su zama kufai (33:10-11). To, ga dattijo, rabon da ya ji wannan amshi a wannan wuri tun yana yaro, muryar mahaifinsa na cikin masu amsawa. Yau ya ji shi a fili, a tsakiyar tarin duwatsu masu baƙin wuta. Me kike so ya yi in ba kuka ba?

Ezra bai faɗi dalilin kukan ba. Mutane sukan ce don sabon ginin ƙarami ne, kuma akwai gaskiya a ciki, Haggai zai tabbatar. Amma ran nan babu ginin tukuna, harsashi ne kawai. A nawa ganin, kukan ya haɗa abubuwa da yawa da shi kansa mai kukan ba zai iya rarrabe su ba: kewar gidan da aka ƙone, tunawa da waɗanda ba su kai wannan rana ba, nauyin zunubin da ya jawo bala'in, da mamakin cewa shi yana raye ya ga an fara. Marubucin ya ce mutane ba su iya bambanta sowar murna da muryar kuka ba, kuma aka ji ƙarar daga nesa. Ƙara ɗaya ce ta tashi daga taro ɗaya. Da a ce masu sowa kaɗai ne a wurin, da taron ya manta abin da aka yi asara. Da masu kuka kaɗai ne, da ba a aza ko dutse ɗaya ba.

Abin da aka tsauta musu a kai daban ne. Bayan wannan biki aiki ya tsaya cik. Mazauna ƙasar sun nemi a yi ginin da su, Zerubbabel gwamnan Yahuza da Yeshuwa babban firist suka ƙi, daga nan aka shiga kai ƙara da sayen bakin mashawarta a fāda. Ga fari, ga tsadar rayuwa. Shekara wajen goma sha shida harsashin yana kwance ciyawa na cin sa. A 520, shekara ta biyu ta Dariyus sarkin Farisa, Haggai ya tashi. Mutane suna cewa lokacin gina gidan Ubangiji bai yi ba, alhali kowa ya gyara nasa ɗakin har da rufin katako. Ya ce musu kun shuka da yawa kun girbe kaɗan, kuna ci ba ku ƙoshi, mai ƙodago yana zuba ladansa a jaka mai huji. Wannan shi ne laifin: sanyin jiki da kowa ya koma kan nasa. Kuma suka ji. A ranar ɗaya ga wata na shida ya yi magana, ranar 24 ga watan suka kama aiki.

Ba a yi wata guda ba gwiwa ta sake yin sanyi, gama da bango ya fara tashi sai talaucinsa ya fito fili. Ranar 21 ga wata na bakwai, ƙarshen Idin Bukkoki, idin da a cikinsa aka keɓe Haikalin Sulemanu, Allah ya sake aiko Haggai. Ki karanta sura 2 a hankali, don ita ce amsar Allah ga dattijonku. Ya tambaya: wa ya ragu a cikinku da ya ga gidan nan cikin darajarsa ta dā? Yaya kuke ganinsa yanzu? Ashe, ba kamar banza yake a idonku ba? Allah da kansa ya faɗi abin da ke ransu. Bai ce musu idonsu ne ke ruɗinsu ba, bai ce sabon ya kai tsohon ba. Sai ya ce wa Zerubbabel ya yi ƙarfin hali, ya ce wa babban firist ya yi ƙarfin hali, ya ce wa dukan jama'a su yi ƙarfin hali su yi aiki, gama yana tare da su. Azurfa tasa ce, zinariya tasa ce, darajar gidan ta ƙarshe za ta fi ta fari, kuma a wurin nan zai ba da salama. Zakariya ya ƙara da gargaɗi cewa kada a raina ranar ƙananan abubuwa. A nan iyakar take, 'yar'uwa. Kewar abin da ya wuce ba laifi ba ce. Raina abin da Allah ya fara yau, har mutum ya janye hannunsa ya kashe wa wasu gwiwa, shi ne abin tsoro. Dattijon da ya zo buɗe majami'a ya zauna har aka tashi, ban ga alamar raini a gare shi ba.

Gwamnan yankin, Tattenai, ya rubuta wa Dariyus yana tambayar wa ya ba da izinin ginin. Aka bincika, aka sami takardar Sairus a Ekbatana, Dariyus ya ce a bar su, har a biya kuɗin aikin daga baitulmali. Aka gama ranar 3 ga watan Adar a shekararsa ta shida. Ranar keɓewa aka yanka bijimai 100, raguna 200, 'yan raguna 400. Sulemanu a nasa bikin shanu 22,000 ya yanka da tumaki 120,000. Ba a rubuta cewa girgije ya sauko ba. Akwatin alkawari ba ya cikin kayan da aka komo da su, kuma Irmiya ya riga ya ce ranar na zuwa da ba za a ƙara yin wani ba. Duk da haka Ezra 6 ya ce da murna suka yi bikin, suka kuma miƙa bunsuru 12 domin kabilu goma sha biyu, alhali yawancin waɗanda ke wurin daga Yahuza da Biliyaminu da Lawi suke. 'Yan kaɗan ɗin nan sun tsaya gaban Allah a madadin har waɗanda ba su dawo ba.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ta fi nauyi. Gaskiya ne, Ishaya ya yi maganar hamada tana fure, duwatsu suna waƙa, al'ummai suna kawo dukiyarsu Sihiyona. Ezekiyel ya ga busassun ƙasusuwa sun tashi runduna. Abin da aka samu kuwa ƙaramin lardi ne a ƙarƙashin Farisa, ba sarki daga gidan Dawuda, sai gwamna. Su kansu masu komowar ba su ɓoye wannan ba. A 445, fiye da shekara 90 bayan umarnin Sairus, Nehemiya ya zo daga Shushan ya tarar garun har yanzu a rushe. Ya fita da dare a kan dabbarsa yana duba kangon, ya kai wani wuri da tarkace ya yi yawa har dabbar ta rasa inda za ta bi. An gina garun cikin kwana 52, mai gini da takobi a ɗamararsa, amma a tsakiyar aikin talakawa suka yi kuka cewa 'yan'uwansu Yahudawa sun karɓe musu gonaki a bakin bashi, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. Birnin kuma fili ne ba mutane, sai da aka jefa ƙuri'a a kawo mutum ɗaya daga cikin goma ya zauna a ciki. A addu'ar Nehemiya sura 9 suka faɗa wa Allah baro-baro: ga mu yau bayi ne a ƙasar da ka ba kakanninmu, amfaninta na tafiya ga sarakunan da ka ɗora mana.

Zabura 126 ta riƙe abin nan duka a aya shida. Rabin farko ta ce sa'ad da Ubangiji ya komo da mu, kamar mafarki muke yi, bakinmu cike da dariya. Rabi na biyu kuma mutanen nan dai suna roƙo: ya Ubangiji, ka komo da mu, kamar rafuffukan Negeb. Sun dawo, suna kuma roƙon a dawo da su. Negeb busasshiyar ƙasa ce a kudancin Yahuza, kwarurrukanta yashi ne zalla yawancin shekara, ruwa ɗaya ya sauka sai su cika su tumbatsa, kamar koramunmu a farkon damina. Sa'an nan zaburar ta kawo manomi yana fita da iri yana kuka. Ke kin san wannan manomi. Shi ne wanda ya kwance bakin buhun ƙarshe a bazara, yara na kallonsa, ya ɗebi abin da za a iya tuƙa tuwo da shi ya kai gona ya binne. Zaburar ta yi masa alkawarin dammuna, amma ba ta ce ya share hawaye kafin ya fita ba. Yana kuka, yana tafiya, irin na hannunsa.

Akwai wuri ɗaya da aka ce wa jama'a su daina kuka, kuma na san wata a zumunta za ta kawo shi. Nehemiya sura 8 ne. Ezra ya hau dakalin katako a dandalin Ƙofar Ruwa ya karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna bayyana ma'ana, mutane suka fashe da kuka. Aka ce musu yau rana ce tsattsarka, ku je ku ci mai maiƙo ku sha mai zaƙi, ku aika wa wanda ba shi da komai, gama farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku. Amma ki juya shafi. Ranar 24 ga watan nan suka taru da azumi da tsummoki suka yi tuba. An ɗaga kukan ne zuwa ranarsa, ba a soke shi ba.

Mu masu bin Almasihu muna ganin alkawarin Haggai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Gidan nan da dattawa suka gani kamar banza, wanda Hirudus ya faɗaɗa daga baya, shi ne wanda wata rana wani kafinta da matarsa suka shigo da jariri, da hadayar tsuntsaye biyu irin ta marasa hali. Su wa suka gane shi? Tsofaffi biyu. Simeyon, wanda Luka ya ce yana jiran ta'aziyyar Isra'ila, da Hannatu, gwauruwar da ba ta rabuwa da Haikali dare da rana. Shekara 500 bayan komowa, har yanzu akwai masu jira a gidan. Zerubbabel kuwa, gwamnan da bai taɓa sa rawanin sarauta ba, sunansa na nan a asalin Yesu a farkon Matiyu. Babu ko ɗaya daga cikin masu ɗaukar dutse a zamanin Haggai da ya ga wannan da idonsa.

Game da Baba, dattijon nan naku, roƙona shi ne kada kowa ya je yi masa wa'azin godiya. Ku je ku gaishe shi, ke da mata biyu ko uku, ku zauna. Ku tambaye shi yadda aka gina ta farkon: inda aka haƙo ƙasa, su wa suka ɗebo ruwa, wa ya hau ya aza jinka ko kwano, wace waƙa aka yi ranar buɗewa. Ku sa wani matashi ya rubuta sunayen, har da na waɗanda suka rasu a gudun da waɗanda ba su dawo ba, a ajiye a littafin ikilisiya kamar yadda Ezra ya ajiye nasa. In kun gama sura 3, kada ku wuce sura 4 kai tsaye, ku ratse ku karanta Haggai dukansa, sura biyu ce.

Akwai kuma Zakariya 8:4-5. Can Allah ya kwatanta Urushalimar da zai komar, bai ambaci zinariya ba. Ya ce tsofaffi maza da mata za su zauna a dandalin birnin, kowa da sandarsa a hannu saboda tsufa, dandalin kuma cike da yara maza da mata suna wasa. Ki kai wa Baba wannan. In idonsa ya yi rauni, ki sa ɗaya daga cikin yaran da suka yi kiɗa ran nan ya karanta masa.